Kwamfutocin da Muka Lulluɓe da Zane

Shekarun baya kaɗan, wani kamfani ya zo ƙauyenmu da ke kusa da Kambaza ya gina ɗaki guda, ya ɗora masa faifan sola, ya jera kwamfutoci a ciki. Suka ce kyauta ce, don 'ya'yanmu su koya. Aka yi taro, aka ci tuwon shinkafa, aka ɗauki hotuna. Da za su tafi suka miƙa mabuɗi ga yayana, don duk garin babu wanda ya kai shi riƙon amana. Ni kuma aka sa na rubuta addu'ar tsari da ajami a saman ƙofa. Na daɗe ina ratsawa ta wurin don kawai in kalli kyan rubutuna.

A wurinmu, abin da baƙo ya bar maka, yadda ya ba ka haka zai tarar da shi. Sai yayana ya karɓo zannuwan matata ya lulluɓe kowace kwamfuta, ya garƙame ɗakin. Ran Juma'a kawai yake buɗewa, ya share, ya mayar da kwaɗo.

Ɗiyata a lokacin ta gama sakandare, burinta ta karanci aikin ungozoma, ga shi jarrabawar shiga makarantar a kwamfuta ake yin ta. Ta je ta durƙusa gaban yayana ta ce, "Baffa, ko sau ɗaya a bar ni in taɓa."

Ya ce, "Ke, in kin ɓata, mi za ni ce wa mutanen? Bari su dawo su nuna mana tukuna."

Na je da kaina na ce, "Yaya, ai don yaran aka kawo."

"Malam, kai ne ke karanta mana hukuncin amana. Yau kuma ka sake fatawa?"

Na yi dariya, na koma gida.

Ranar jarrabawa na raka ta Kalgo. Da ta fito ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Baba, na san amsoshin. Kafin in gane yadda ake matsawa zuwa tambaya ta gaba, lokaci ya ƙare."

Bayan damina mutanen kamfanin suka dawo. Yayana ya sa babbar riga, ya yaye zannuwan ɗaya bayan ɗaya yana murmushi. "Ku duba, ko ƙwarzane babu."

Shugabarsu ta ce daga ofishinsu suna gani, ba a taɓa kunna ko ɗaya ba. Dokarsu kuwa, inda ba a amfani da kaya, kwashewa ake yi a kai wani gari. Muka roƙa, muka yi alkawari. Ta ba mu haƙuri cikin ladabi, aka loda komai a mota, har faifan.

Yayana bai sake zama a majalisa ba har Allah Ya yi masa rasuwa. Ɗiyata ba ta sake neman jarrabawar ba, ɗinki take yi yanzu. Na san komai da ƙaddara, amma har yau zuciyata ba ta kwanta ba. Sun zo da alheri ba su tambayi yadda muke riƙon kaya ba, mu ma kunya ta hana mu tambaya.

Ɗakin yanzu albasa ake zubawa a ciki. Addu'ata tana nan a saman ƙofa, ba ta goge ba. Na daina bi ta hanyar.