Akwatin da Abbagana Ba Ya Buɗewa da Damina

A kasuwar kifi ta Nguru, idan ka tambayi Abbagana za a ce maka wanne, domin masu sunan suna da yawa. Amma ka ce Abbagana Mai Fasta, nan take za a nuna maka wani dogon dattijo a ƙarshen layi yana ɗaure kwalayen busasshen kifi, yana faɗa da igiya kamar ita ta yi masa laifi.

Ɗaurin kwali sana'ar tsufa ce. A ƙuruciyarsa, lokacin da jirgin ƙasa ke kawo gwangwanayen fim daga Kano, shi ne mai liƙa fasta a gidan silimar garin. Da sassafe zai dama talgen garin rogo a tsohuwar langa, ya ɗauki guntun tsintsiya, ya bi bango yana shafawa yana mannawa. Fasta kwanaki kaɗan take yi, fim ya sauka, a yage ta a liƙa wata. To, shi yagewar nan ce ba ta kwanta masa a rai ba. Sai ya riƙa jiƙa gefen takardar da ruwa, ya ɓamɓaro ta a hankali, ya shanya, ya kai gida.

Ba ya iya karanta ko harafi ɗaya na rubutun da ke jikinsu, kuma bai taɓa damuwa ba. Zanen yake kallo. Akwai na Indiya, waɗanda aka yi da hannu, fenti a kan fenti. Akwai na ƙasar Sin, mutum ya yi tsalle ƙafarsa ta fi kansa girma. Akwai na kaboyi masu jan sararin samaniya. Wadda ya fi so kuwa wata mace ce da lulluɓi kore, hawaye ɗaya ya tsaya mata a gefen hanci. Yakan ce wanda ya zana ta ya taɓa zama kusa da mai kuka, ba labari aka ba shi ba.

Da aka rufe silimar aka mayar da ita wurin ajiye hatsi, mutane suka manta. Shi bai manta ba. Ya sayi akwatin ƙarfe irin na tsofaffin ma'aikatan reluwe, ya jera fastocinsa a ciki, ya ajiye a kusurwar ɗakinsa na ƙasa. Ya kuma kafa wa kansa doka: daga ruwan farko har a yi girbi, ba a buɗe akwatin. Iskar damina, in ji shi, ita ke sa fenti ya yi fari-fari ya mutu. Saboda haka da ya ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ya toshe bakin akwatin da tsumma da kakin zuma. Mutum ne mai kafiya, irin wanda idan ya ce a'a sai ka nemi wurin zama.

A ranin bara ya lura takardun sun fara karyewa a wurin ninki. Abin ya tsaya masa a rai. Ya bi magina ya tattaro takardun buhun siminti, ya goge su tas, ya koma sana'arsa ta dā. Ya dama talge mai kauri, ya shafa wa kowace fasta a baya, ya manna mata takardar siminti don ta yi ƙarfi. Bai bar ko ɗaya ba. Da ya gama har wani taku yake yi a tsakar gida.

'Yarsa Mardiyya, wadda ke koyarwa a wata firamare a Gashua, ta zo ta same shi yana jera su.

"Baba, bar ni in ɗauki hotonsu a waya kafin ka rufe. Ko don tarihi."

"Abin da aka zana don bango, ki matse shi a tafin hannu? Bari sai bayan damina."

"Baba, bara ma haka ka ce."

"To, bana ma na faɗa."

Ya rufe, ya liƙe da kaki.

Daminar ta zo da nauyi. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, fadama ta cika ta rasa inda za ta, sai ta bi ta ƙarƙashin gari. Danshi ya hau bangon ɗakin Abbagana har gwiwa. Wata safiya ya tashi ya tarar da fukafukan shinge, irin masu fitowa daga gidan gara, zube a bakin ƙofa, daga ciki, ba daga waje ba. Ya share ya zubar. Bayan 'yan kwanaki ya ga wani siririn layin ƙasa ya fito daga bayan akwatin ya kama bango yana hawa. Ya kankare shi da wuƙa, fararen 'yan ƙwari suka watse. Ya yayyafa kananzir, ya ce a ransa gara ba ta cin ƙarfe. Washegari layin ya dawo, ya zo da ɗan'uwansa.

Sai kuma ƙarar. Da rana tsaka, idan ya kishingiɗa bayan azahar gidan ya yi shiru, yakan ji wani ɗan sauti siriri, kamar ana suya a gida na uku. Idan ya ɗaga kai ya ɓace, idan ya kwanta ya dawo. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, amma buɗe akwatin a tsakiyar damina ya fi ba shi tsoro. Sai ya ɗora laifin a kan kunnensa, ya ce tsufa ne.

Ana cikin haka, wata Asabar, Mardiyya ta iso tare da Bappayo, tsohon abokinsa Bafulatani wanda dā yake juya majigi a silimar Gashua, yanzu kuma yake noman tattasai. Kogi ya shiga unguwarsu, suna kwashe kaya sai ya tsinci wata tsohuwar fasta a naɗe a saman rufi. Shi ne ya shigo mota ya kawo.

"Kai Babarbare, fito ka gai da ubangidanka," in ji Bappayo daga zaure. "Na kawo maka abin da ya fi kifinka daraja."

"Yaushe Bafulatani ya san daraja in ba ta saniya ba? Shigo, bawana."

Suka warware ta a kan tabarma. Ba wata ta a zo a gani ba ce: wani mutum a kan doki, rabin dokin ya yage, ruwa ya ɓata gefe ɗaya. Duk da haka Abbagana ya shafa ta kamar sabuwa. Ya tashi da sauri ya ɗora langa a murhu, ya zuba garin rogo.

"Me za ka dama?" Bappayo ya tambaya.

"Talge. Zan yi mata baya da takardar siminti, kamar yadda na yi wa sauran."

Dariyar da ke fuskar Bappayo ta ɗauke.

"Sauran duka?"

"Duka."

"Abbagana, me ya sa dā kake hawa benci kafin ka liƙa fasta?"

"Saboda awaki mana. In na liƙa ƙasa-ƙasa sai su bi talgen su cinye takar..."

Bai ƙarasa ba. Ya tsaya da muciya a hannu. Shekara da shekaru ya san abin nan, da hannunsa ya sha korar awaki daga bango, amma bai taɓa kawo shi kusa da akwatinsa ba. A bango fasta kwanaki take yi. A nan kuwa ya shafa wa dukiyarsa abinci, ya rufe ta a duhu, a kan ƙasa mai danshi, ya hana kowa leƙawa.

Suka shiga ɗakin su uku. Bappayo ya kama hannun akwatin zai jawo shi wajen haske, akwatin ya ƙi motsi, ya manne da ƙasa. Da suka haɗa ƙarfi ya ɓalle, sai ga gindinsa tsatsa ta huda shi, ƙasa ta bi ta hudar ta shige. Abbagana ya sa wuƙa ya yanke kakin. Wani wari irin na rami ya bugo su.

A sama ga macen nan mai koren lulluɓi, lafiyarta lau, hawayenta na nan inda yake.

"Alhamdu lillahi," in ji Abbagana. "Kun gani? Ƙarfe ne."

Mardiyya ta ɗaga waya.

"Dakata," ya ce, ya kare da hannu. "Bari in fito da ita tukuna, ba a cikin duhu ba."

Ya zura yatsunsa a ƙarƙashin takardar. Yatsun suka nutse cikin wani abu mai sanyi da laushi. Babu takardar siminti a bayanta, babu ma takardar kanta, fentin ne kawai ya rage a shimfiɗe kamar ɓawon albasa. Yana ɗagawa fuskar ta tsage daga goshi zuwa haɓa, ta zube a tafinsa. A ƙarƙashinta, tun daga sama har gindin akwatin, jar ƙasa ce mai ƙofofi, tana motsi.

Yanzu da murfin yake a buɗe, kowa na jin ƙarar.

Ƙaurin talge ne ya shigo daga tsakar gida. Abbagana ya fita a hankali, ya sauke langar, ya kai bakin ƙofa ya kife wa awakin maƙwabta. Ya dawo ya durƙusa gaban fastar Bappayo, mai rabin doki, ya danne kusurwoyinta da hannayensa da har yanzu koren fenti ke manne a jiki.

"Mardiyya," ya ce, bai ɗago kai ba. "Zo ki ɗauki hoton. Yi sauri."