Mujiyoyin Kukar Bayan Gida

Wani ƙauye kusa da Bulkachuwa aka kai ni aure, zamanin da manyan motoci suka fara zuwa Azare ɗaukar gyaɗa. Gidan gandu ne: surukina, mijina da wansa, sai ni da faccalata, matar wan, wadda nake kira Yaya. Rumbunanmu suna bayan gida, gindin wata tsohuwar kuka mai kogo, kuma a kogon nan mujiyoyi suke tun kafin a haifi mazanmu. Ni ke share wurin. Kullum sai na kwashe wasu ƙulle-ƙulle da suke amarwa, duk gashi da ƙananan ƙasusuwa, ina tsaki ina tsine musu.

Da bazara zazzaɓi ya kama jaririn Yaya, ɗanta na fari bayan dogon jira. Ranar da ya cika, mujiya ta yi kuka a kan ɗakinta. Shi ke nan. Duk garin an san abin da ake cewa, tsuntsuwar nan ita ke kiran ran yara. Yaya ta daina ci, ta ce ko ita ko su a gidan. Wa zai yi musu da uwar da ta binne ɗa? Maza suka cusa ƙaiƙayi da barkono a kogon, suka sa wuta. Manyan suka tsere, 'ya'yan suka ƙone a ciki.

Damina ta yi kyau, muka cika rumbuna da gero. Kafin sanyi ya wuce sai ga ɓera. Kai, ban taɓa ganin irinsa ba! Da rana tsaka suke tsere a ƙafafunmu, ko kunya babu. Aka aro kyanwa, ta ci ta ƙoshi ta kwanta, suna wucewa ta gabanta. Sai macizai suka biyo ɓerayen, har mijina ya kusa dafa kububuwa a cikin dami. Da aka buɗe rumbun iri, zangarniya duk ta zama tsinke, sai kashi da wari.

Surukina ya daɗe a tsugune yana murza ƙasa. Ya tambaye ni: "'Yata, har yanzu kina share ƙasusuwan nan a gindin kuka?"

Na ce, "A'a, Baba, tun da aka sa wuta."

Ya ce, "Ashe ƙasusuwan ɓera kike sharewa. Masu gadinmu muka kora."

Ni fa bakina ba ya da linzami. Da abinci ya ƙare muka koma tafasa da ganyen yaɗiya, 'yata tana kuka a bayana, sai na juya na ce wa Yaya, "To ga shi nan, kin huta da mujiya, sai ki dafa mana hutun!" Sai Yaya ta tura wa yarinyar ɗan kunun da ke gabanta, alhali tana da tsohon ciki. Tausayinta ya kama ni.

Iri daga dangin surukina a Dagauda aka samo, muka shuka, Allah ya rufa asiri. Kaka ta zo, Yaya ta haifi namiji. Ba a daɗe da suna ba, wata safiya na tarar da ƙulle-ƙullen nan a gindin kuka. Wasu mujiyoyin sun tare. Ga sabon gero a rumbu, ga jariri a ɗaki.

Mijinta bai tsaya shawara ba, ya ɗauko ƙaiƙayi da bakin wuta. Surukina yana kallo, ya kasa hana shi. Yaya ta fito rungume da yaron.

Ta ce, "Malam, kashe wutar nan."

Ya ce, "Don ke nake yi."

Ta ce, "Na sani. Amma idan ba hatsi, da wane nono zan shayar da shi? Rai na Allah ne. Ka bar su."

Ya zuba wa wutar ƙasa. Geronmu ya kai mu har wata kakar, yaron kuma ya rayu, ya yi jikoki. Amma kada a ce tsoro ya bar Yaya. Duk shekarun da muka zauna tare, in mujiya ta yi kuka, da safe sai na gan ta idanu jajur, ta goya yaron tamau tana daka. Ba ta taɓa cewa a sake kai wuta ba, kuma har ta rasu ba ta ƙara taka bayan gida ba, ni nake ɗebo mata hatsi.