Kyautar da Na Karɓa Kaina a Lulluɓe

Ban yi karatu ba. Ɗiyata ta fari ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, in na tsaya share ido ta jira ni. Shekara uku ke nan da rasuwar Malam, maigidana, kuma har yau ba na ambatonsa muryata ba ta karye ba. Ba na ɓoye wa kowa. Amma labarin da zan bayar yau yawancinsa na dariya ne.

Malam mutumin wani ɗan ƙauye ne a kan hanyar Damagum. Ɗinki ne ya kawo shi Potiskum, muka yi zamanmu a Yerimaram fiye da shekara arba'in. A bayan gidajen danginsu akwai ɗan kurmi wanda kakansu ya hana a sa masa gatari. Akwai tsamiya a ciki, da aduwa, da magarya, da kanya biyu, sai kukoki guda biyar.

Lokacin da aka kai ni gaida dangi ina amarya, surukina ya sa aka biyo da ni ta kurmin. Ya tsaya a gindin wata kuka ya ce, "Wannan na ba amarya, ta riƙa cin miya." Na durƙusa na yi godiya. To amma wace amarya ce za ta ɗaga ido a gaban suruki? Mayafi har haɓa. Abin da na gani a ranar ƙasa ce, da tururuwa, da takalmin tsohon.

Daga nan kowace kaka Malam zai tafi ƙauye. Ya iya hawan kuka ƙwarai, don haka shi ke hawa duka biyar ɗin yana tsinko wa gidajen dangi ganye. Nawa kuwa a buhu daban yake zubawa, ya kawo mini har tsakar gida. In shanya a inuwa, in daka, in tankaɗe, mu ci har wata kakar. Na sha zuwa ƙauyen biki da ta'aziyya, amma ban taɓa cewa a nuna mini bishiyata ba. Me zai sa in tambaya, ga miya na zuwa da ƙafarta?

Bayan rasuwarsa da damina ɗaya, ƙaninsa ya kira ni a waya. Shi tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekara talatin yana yawon duniya kafin ya koma ƙauye, kuma tun ina amarya muke wasa da shi.

"Matar Yaya, kina nan ko kin yi sabon miji ba ki gaya mini ba?"

"In ma zan yi, ai ba mai warin baƙin mai zan aura ba. Yaya mutan gida?"

Ya ce dattawa sun yanke za a raba itatuwan kurmin gida-gida, tun suna raye, kada yara su zo suna faɗa. Kowa ya san Baba ya ba ni kuka ɗaya, amma waɗanda suka ga kyautar duk sun koma ga Allah. An tambaya a gari, wannan ya ce ta gabas ce, wancan ya ce ta bakin hanya, don duka an ga Malam a kansu.

"Ki zo ki nuna taki. In kin kasa, a jefa ƙuri'a ki ɗauki wadda ta faɗo."

Na ce masa ba na son wadda ta faɗo. Mai daka kuka ta san bambanci. Akwai mai ɗaci, akwai mai yauƙi kamar kuɓewa, akwai wadda ba ta da ɗanɗano ko kaɗan. Ni wadda muka ci da Malam nake so, ita kaɗai.

Na ɗauki maƙwabciyata, wata Babarbariya da muka tsufa katanga ɗaya. Adaidaita ya kai mu tasha, muka shiga motar Damagum, muka sauka a hanya. Can muka tarar da direban namu yana jiranmu da amalanken shanu.

Maƙwabciyata ta dube shi sama da ƙasa, ta gaishe shi da Barbarci ta ce, "Wushe, direba. Wannan motar taka taya nawa?"

"Hajiya, hau kawai. Wannan ba ta shan mai, kuma ba a tare ta a hanya."

Shekara da shekaru rabona da ganin gona a irin wannan lokaci. Ana yankan gero, dammuna jingine da juna kamar mutane na shawara. Mata na roron wake, sun ɗaure zani a ƙugu, suna ɗaga mana hannu ko ba su san mu ba. Iska na ɗauke da ƙanshin ɗanyar gyaɗa. Sai na ji ƙirjina ya buɗe, abin da ban ji ba tun da na fita takaba.

Da la'asar muka shiga kurmin, mu huɗu, har da matar direban. Daga shiga sai sanyi ya sauko mana kamar an buɗe randa. Kurciya na kira ta ko'ina. Na tsaya ina duban kukokin nan biyar, kowacce da turakun hawa a jikinta, ban san ko ɗaya ba. Sai na nufi babbar cikinsu, wata ƙatuwa da mutum shida ba za su rungume ta ba. A raina, kyautar amarya ai sai babba.

"Ka ji matar Yaya," in ji direba. "Ba ta san tata ba, amma ta san babba."

Na ce a miƙo mini ganye in ɗanɗana. Matarsa ta sa doguwar sanda mai lauje ta saro mini reshe daga kowacce. Na tauna na farko, na tofar. Na tauna na biyu. Kafin in kai na huɗu harshena ya yi kauri, bakina ya cika da yauƙi, duk ɗaya nake ji. Maƙwabciyata ta zauna a kan saiwa tana riƙe ciki.

"Wayyo, na zo rakiya da mutum, zan koma da akuya!"

Na yi dariya, amma abin ya dame ni. Shekara arba'in ina cin kukar nan, ashe ban taɓa sa ɗanyenta a baki ba. A tukunya na san ta, da daddawa da kanwa, ba a kan reshe ba.

Matar direban, mace mai sanyin magana, ita ta ce, "To Yaya, ai sai a kai ta tukunyar. Ki kwana uku, ganye ya bushe, a yi miya biyar."

Mijinta ya ce shi dai bai taɓa jin an yi shari'a da ludayi ba, amma zai gaya wa dattawa su dakata. Suka yarda, har da dariya. Ta shanya ganyen a fayafai biyar cikin inuwar rumfa, ta sa wa kowane faifai alamar da ita kaɗai ta sani, aka hana ni leƙawa.

Kwana ukun nan ban zauna ba. Da safe mu bi mata roron wake, ni in tsinki goma in huta. Mun je tafkin bayan gari inda bado ya rufe ruwa, balbelu tsaye a baki. Maƙwabciyata ta ce sai ta ciro bado da kanta, don a garinsu tun tana yarinya take yi. Taku biyu laka ta kama mata ƙafa har gwiwa, ta fito ba silifa ɗaya. Duk sauran kwanakin da silifar direba take yawo a ƙafar hagu, yana bin ta yana cewa ai wannan ya zama baiko. Karangiya kuwa ta cika mana zannuwa, kullum da yamma mu zauna muna cire wa juna muna zagin ta. Wata Bafulatana ta riƙa kawo mana kindirmo, ta ji labarina, ta ce ita ma da ɗanɗano take gane nonon kowace saniyarta, kada in ji tsoro.

Amma ina jin tsoron. In na koma kurmin ni kaɗai bayan azahar, in zauna ina kallon turakun nan da ƙafar maigidana ta taka, sai in yi ta hawaye, in ce, Malam, ko sau ɗaya da ka ja hannuna ka nuna mini.

Rana ta huɗu aka daka, aka tankaɗe. Matar direban ta jera ƙananan tukwane biyar, daddawa ɗaya, gishiri ɗaya, hannu ɗaya ya kaɗa. Aka tuƙa tuwon gero. Labari ya bazu, mata suka cika tsakar gida, dattawa biyu suka zauna a zaure suna jiran sakamako. Maƙwabciyata ta naɗa kanta alƙali, da ƙoƙon ruwa a hannu, wai in kurkure baki tsakanin kowace loma.

Ta farko yauƙi ya yi mata yawa. Ta biyu tana da ɗaci can bayan harshe. Ta uku ba laifi, har na yi jim, direba ya leƙo ta ƙofa yana cewa, "Ki ce ita ce mana mu ci abinci, yunwa muke ji." Na girgiza kai.

Ta huɗu, tun kafin lomar ta kai bakina ƙanshin ya riga ta. Na tauna. Sai ga ni a tsakar gidanmu na Yerimaram, Malam ya dawo daga shago da zare maƙale a rigarsa, yana wanke hannu yana cewa a ƙaro miya. Na sa mayafi a fuska na fashe da kuka, a gaban kowa.

Can maƙwabciyata ta ce a hankali, "Alƙali ya gani. Ba sai an taɓa ta biyar ba."

Na ce a'a, a ba ni, kada a ce na yi son kai. Na ɗanɗana. Ba ita ba ce.

Matar direban ta ɗaga alamarta, muka ɗunguma zuwa kurmin har da dattawan. Ta wuce babbar nan, ta wuce ta bakin hanya, ta tsaya a gindin wata 'yar gajeruwa karkatacciya kusa da suri, wadda ko kallon kirki ban yi mata ba.

Direba ya tafa hannu. "Baba ya iya zaɓe! Ya dubi amarya, ya dubi bishiya, ya ga tsawonsu ɗaya."

Na ɗaga sandar lauje zan kai masa, hawaye na zuba ina dariya. Babban dattijon ya dafa bishiyar ya ce kowa ya shaida, wannan tawa ce, bayana ta 'ya'yana. Aka shafa fatiha, aka yi wa Malam da mahaifinsa addu'a. Direba ya fara naɗe ƙafar wando wai zai hau ya tsinko mini, matarsa ta riƙe masa riga ta ce takaba ɗaya ta isa a dangi. Da sanda muka saro, mu mata, har buhu ya cika.

Da na koma Potiskum ganyen ya bushe, na yi miya. Sai da na gama zubawa na ga kwano biyu na jera, har na sa wa Malam tsoka a nasa. Na daɗe tsaye a kansu. Daga baya na ɗauki kwanon na miƙa ta saman katanga, maƙwabciyata ta karɓa ba ta tambaye ni komai ba, ta zagayo ta zauna kusa da ni muka ci tare.