Katakon tablon motar Sallau

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Sallau Makanike makwancinsa a nan Dakoro. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan yi masa addu'a in kama bakina, don na ɗauka haƙuri shi ya fi dacewa da mai furfura. Bana na kasa. Abin da na gani da idona watanni biyu da suka wuce ya sa na ɗauki alƙalami, kuma ina faɗa wa mai karatu tun daga farko cewa da fushi nake rubutu.

Ni kafinta ne, sunana Haruna. Rumfata na jingine da garejin Sallau fiye da shekara ashirin. Ƙarar zartona da ƙarar gudumarsa tare suke tashi, tare suke kwanciya. A lakwal ɗaya, wato makarantar boko, muka zauna muna yara, shi ya bar aji ya kama ƙarfe, ni na kama katako. Duk wanda ya taɓa ɗaukar dabbobi zuwa kasuwa a tsohuwar mota ya san shi. Mutum ne da ba ya jefar da ƙarfe. Idan wani abu ya lalace a inji, sai ya zauna da magagari ya gyara shi ko ya sassaƙa wani, ko da za a kwana uku ana jiransa.

Motar da nake magana a kai wani Bature ne likitan dabbobi ya zo da ita tun muna samari, ya tafi ya bar ta a wani zaure bayan gidan da ya zauna. Ƙaramar mota ce ja, irin ta tsere, kujera biyu, cikinta kusan yana shafar ƙasa. Ta daɗe a nan har kaji suka mayar da ita akurki. Da masu gidan suka so rushe zauren, sai suka ce Sallau ya zo ya kwashe ta. Da jakuna biyu da igiya aka jawo ta gareji, rabin unguwa na biye ana dariya.

Dariyar nan ba ta tsaya ba har shekara tara. Mutane suna cewa me za a yi da motar da ba ta ɗaukar buhun gero, ba ta ɗaukar rago, kuma ko yashin ƙofar masallaci ba za ta iya ƙetarewa ba? Wasu suka ce aljanin ƙarfe ya shige shi. Shi dai ba ya tanka wa kowa. Da ya sallami motocin mutane bayan la'asar, sai ya yaye tamfol ya shiga ƙarƙashinta. Ya warware injin ɗaya bayan ɗaya, ya wanke, ya mayar. Ya ɗinke kujeru da fatar da wani badukun Abzinawa ya jeme masa. Ya buga jikinta, ya shafe, ya fesa mata fenti da hannunsa.

Abu ɗaya ya rage, shi ne adon katakon da ke jikin tablo, wato allon da ke gaban direba inda agogon gudu da na mai suke. Na asalin rana ta cinye shi, ya tsattsage kamar ƙasar tafki a bazara, gara kuma ta gama da sauran. Sallau ya ɓamɓare shi a hankali, ya jera gutsattsarin a kan tabarma, ya kira ni. Na duba na ce masa ya manna roba kawai ya huta, wa zai sani?

Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ni zan sani, Kafinta. Kai ma za ka sani."

Haka na shiga aikin da ya fi kowane wahalar da ni a rayuwata. Wani manomi a Ɗan Gulbi ya ba mu gungumen kirya da ya daɗe da faɗuwa a gonarsa, ya bushe ƙamas. Duk wanda ya taɓa sassaƙa kirya ya san ba ta da mutunci. Tana cinye bakin zarto kamar tuwo. Katakon kuma ba shimfiɗaɗɗe ba ne, yana da lanƙwasa a gefe biyu, da huda biyar na agogo, kowace sai ta zauna daidai ko ƙwayar gero ba za ta wuce ba. Na farko ya tsage a hudar agogon gudu ana gab da gamawa. Na biyu ya yi kyau a idona, amma da aka ɗora shi sai gefen dama ya ɗaga kaɗan, kaurin farce. Na ce ba mai lura. Ya cire shi ya ajiye a ƙasa. Ranar na yi masa faɗa, na ce ba bawansa ba ne ni, muka yi sati biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Shi ya fara zuwa rumfata, da goro a hannu da sabon awo. Ya zauna ya sake auna tablon tun daga farko, yana rubuta lambobin da kiriyon, wato fensir, a bayan sabon katakon don kada in ɓata. Ashe kuskuren a awonsa na farko yake, ya kuma faɗa da bakinsa. Na uku ya zauna kamar a nan aka haife shi. Muka goge shi, muka shafa masa barni, man sa katako sheƙi, sau bakwai, har jan kiryar ya fito kamar zuma a rana.

Sau ɗaya muka hau ta tare. Wata safiya muka tura ta har bakin kwalta, ya tayar da ita, muka je Kornaka muka dawo. Iska ta ɗauke mini hula tun kafin mu fita gari, bai tsaya ba, ni ma ban ce ya tsaya ba. Bayan wata huɗu ciwon ƙirji ya kwantar da shi, aka kai shi likita Maraɗi, aka dawo mana da gawa.

Daga nan abin da ke ƙona mini rai ya fara. Ba a yi sadakar arba'in ba ƙanensa ya kawo wani Alhaji ɗan kasuwa daga babban birni, aka ɗora motar a bayan babbar mota aka tafi. Rabi, matar marigayin, tana cikin takaba, ba wanda ya shiga ya tambaye ta. Kayan aikinsa, waɗanda wasu da hannunsa ya ƙera su, aka zuba wa masu sayen tsohon ƙarfe a sikeli. Ina tsaye a ƙofar rumfata ina kallo. Na ce a raina maganar gado ce, ba ta maƙwabci ba. Yau na san tsoron bakin mutane ne ya hana ni magana, na kuma sa masa suna kunya.

Bayan wasu shekaru sai ga motar a cikin salular mutane, wato wayoyin hannu. Ana nuna ta a bukukuwa, Alhajin na tsaye kusa da ita yana bayani cewa ƙasar Turawa ya aika da ita aka sabunta masa. Mutanen da suka yi shekara tara suna yi wa Sallau dariya su ne ke miƙa wa juna salula suna cewa ai motar garinmu ce. Ba wanda ya ce aikin wane ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wata biyu da suka wuce aka kawo ta Dakoro don ɗaurin auren wani ɗan uwan Alhajin. An bar ta a rana shekara da shekaru ba mai shafa wa katakon ko ɗigon mai, sai gefe ɗaya ya ɗan dare. Direban Alhajin ya tambayi wane ne tsohon kafinta a gari, aka nuno ni. Ya ce in cire katakon a hankali, don aikin Turawa ne, ba irin namu ba. Sun zo da wani na roba mai ƙyalli da za a sa a madadinsa.

Na kwance notinan. Da na juya katakon, ga rubutun Sallau nan da kiriyon, ko kaɗan bai goge ba. Na ɗauka na kai wa Alhajin inda yake zaune a inuwa, na gaishe shi yadda ya kamata, na nuna masa. Na ce wannan kiryar Ɗan Gulbi ce, ni na sassaƙa ta, wannan kuma hannun mutumin da ya tayar da motar ne, kabarinsa na nan bayan gari. Na ce darewar ba wani abu ba ce, kwana biyu zan gyara, abin da nake roƙo kawai idan an tambaye shi ya riƙa faɗin sunan Sallau.

Ya yi murmushi ya ce, "Baba, mi za ni yi da sunan makaniken ƙauye? In na ce a Dakoro aka yi ta, darajarta ta zube."

Na ce masa to ya nemi wani ya manna masa robarsa, hannun da ya yi wannan ba zai yi wancan ba. Aka kuwa samu wanda ya manna kafin azahar. Ban ga laifin wanda ya manna ɗin ba sosai. Bai san komai a kai ba.

Ina tambayar kaina me Sallau zai ce da ya ga wannan zamani. Na san ba zai damu da suna ba kamar yadda na damu. Shi mutum ne da idan inji ya yi ƙara mai daɗi, an gama biyansa. Amma zai yi baƙin ciki da ya ga garejojinmu na yau, inda ba a gyara komai sai dai a cire a jefar a sa sabo, sabon ma ba ya kai damina biyu. Abin da zai fi ci masa rai shi ne yadda muka yarda da bakinmu cewa abu mai kyau ba ya fitowa daga hannunmu. Alhajin nan ba shi ya ƙirƙiro wannan tunani ba. A wurinmu ya same shi. Mu muka raina namu tun Sallau yana raye, Alhajin kuwa ya zo ya tarar da bango a tsage. Wanda ya raina tsayuwar wata, an ce ya hau ya gyara. Mu ba mu hau ba, ba mu kuma daina rainawa ba.

Katakon da suka jefar a gindin bango na ɗauka na kai wa Rabi. Ta tsufa, idanunta sun yi rauni. Ta karɓa ta ɗora a cinya tana shafawa. Ta ce mini shekara tara tana ɗumama tuwo saboda motar nan, ta sha yi masa ƙorafi, ba ta taɓa zuwa ta ga abin da yake yi ba. Da yatsanta ya kai kan rubutun, ta tambaye ni me ya rubuta. Na ce ba wata magana ba ce, lambobin awo ne kawai.

Ta ce, "Karanta mini su, Malam Haruna."

Na karanta mata tun daga na farko har na ƙarshe, tsawo da faɗi da tazarar kowace huda. Ta saurara kamar ana karanta mata wasiƙa. Da na gama ta ce, "Bai yi kuskure ko ɗaya ba?" Na ce bai yi ba.

Motar ta koma inda ta fito da robarta, garejin ya zama shagon sayar da kayan salula, ƙanen Sallau muna haɗuwa a masallaci muna gaisawa. Abin da ya rage na Sallau bai da yawa idan a sikeli za a ɗora: katako ɗaya a ɗakin tsohuwa, da wasu tsofaffin motoci da har yau suke kai dabbobi kasuwa da ƙarafan da ya sassaƙa a cikinsu, masu su ma ba su sani ba. Na yi shiru ranar da ya kamata in yi magana, shi ya sa yau na rubuta a inda ba za a iya ɓamɓarewa ba: jar motar nan da kuke gani a salula, Sallau Makanike na Dakoro ne ya tayar da ita. Allah ya sa aikin hannunsa ya zama shaida a gare shi, ya haskaka kabarinsa.