Sanduna Goma Sha Biyu da Na Kwantar

Shekara ashirin da shida na yi ina feƙe wa mutumin nan ƙarfe yana karyawa. Ni ne mai kula da injinan ɗakin gwaji a sashen injiniya na jami'a, shi kuma malami ne mai binciken ƙarafa: nauyin da suke iya ɗauka da inda suke gazawa. A takarda Dakta ne. Ɗalibai kuwa Sai-ya-karye suke kiransa, domin duk ƙarfen da ka kawo masa, ko daga wace ƙasa ya fito, ko wane hatimi ke jikinsa, ba ya yarda da shi sai ya tsinke a gabansa. Ni kuma Maƙeri yake ce mini, alhali ban taɓa hura wutar maƙera ba.

Ranar da ya fara zuwa, siririn mutum ne da riga mai faɗin wuya, ɗan mai walda. Na ba shi tsumma ya goge kujera, ya karɓa ya goge injin. Tun daga nan na san za mu zauna lafiya. Ya tafi waje ƙaro karatu shekara huɗu, su shida aka tura, shi kaɗai ya dawo. Tsarabar da ya kawo mini gilashin kare ido ne, har yau shi nake sawa.

Yana da wata kabad ta ƙarfe a bayan ƙofa. Duk sandar da muka ja a injin gwaji ta tsinke, sai ya haɗa gutsattsarinta biyu da salatif, ya rubuta rana da nauyin da ya karya ta, ya ajiye. Yakan zauna da madubin ƙara girma yana duba bakin karaya kamar mai karanta wasiƙa. Gwajin da wani zai yi sau uku ya rubuta takarda, shi sai ya yi goma. Shi ya sa takardunsa ba su da yawa. Abokan karatunsa suka zama farfesoshi, ɗaliban da ya koyar ma biyu suka wuce shi, yana nan a Dakta, gemu ya yi fari. Yayansa, direban babbar mota ne mai surutu, yakan leƙo ya ce masa, “Ƙanena, mutane suna gina abu, kai an ba ka albashi kana ɓarna.” Dakta sai ya yi murmushi ya miƙa masa kujera.

Saura shekara uku ya yi ritaya, jami'ar da ya yi karatu a waje ta aiko masa da kyautar wani inji. Injin yana gina ƙarfe ne daga gari: ya shimfiɗa garin ƙarfe siriri, haske mai zafi ya narkar da shi, ya sake shimfiɗa wani a kai, hawa bisa hawa har abu ya tashi. Burin Dakta shi ne ya ƙera mahaɗin gwiwa na ƙafar roba a nan gida, don wata cibiya da ke yi wa waɗanda suka rasa ƙafa aiki. In binciken ya fito a babbar mujalla, shi ne cikon takardun da ake nema a ba shi farfesa. Kuma dama ɗaya ce. Wanda aka mayar wa da fayil ɗin neman farfesa sai ya jira shekara uku kafin ya sake nema, shi kuwa ba shi da su.

A shekarar nan ce aka ɗora masa shugabancin sashe, don babu mai so. Mutumin da ba ya wuce awa biyu bai shigo ɗakin gwaji ba, sai ga shi yana yin sati a ɗakin taro, ana gardama a kan jadawalin jarrabawa da makullin ban-ɗaki. Wata safiya ya tsaya a bakin ƙofa da fayil a hammata ya ce in gina sanduna goma sha biyu na gwaji, a tsaye, domin a tsaye ake gina mahaɗin gwiwar. Ya maimaita: a tsaye. Na ce na ji.

Sanda a tsaye kwana huɗu take ci a injin, kuma ba a so wuta ta ɗauke ko na minti ɗaya. Sau uku ina farawa. Na farko wuta ta tafi a kwana na biyu. Na biyu janareta ya mutu. Na uku saura tsawon ɗan yatsa a gama wuta ta sake ɗaukewa. Garin ƙarfen yana ƙarewa, babu inda ake sayar da shi kusa. Na je ofis ɗinsa sau biyu, sakatariya ta ce yana taro. Sai na kwantar da su. A kwance yini ɗaya da rabi suka gama. Na ɗora su a injin feƙewa na mulmula su, kuma in an mulmula sanda ba mai gane yadda aka gina ta. Na ce a raina ƙarfe ai ƙarfe ne. Na san ba haka ba ne, don na sha jin yana faɗa wa ɗalibai cewa abin da aka gina hawa-hawa ya fi saurin rabuwa ta tsakanin hawan. Gajiya ce ta sa ni, ba jahilci ba.

Ni na ja su, ni na rubuta lambobi, na kai masa ofis. Lambobin sun yi kyau ƙwarai. Karon farko ke nan a rayuwarsa da ya karɓi sakamako bai ga karaya da idonsa ba. Ya ce, “Maƙeri, hannunka hannuna ne.” Na juya na fita.

Takarda ta fito. Aka tura fayil ɗinsa ga masu tantancewa na waje. Yayansa ya fara kiransa Farfesa tun daga bakin get, har masu gadi suka ɗauka. Matarsa, malamar firamare ce mai kawaici, ta sa aka sake fentin falo. Cibiyar ƙafar roba ta aiko tana neman mahaɗi ashirin na fara gwadawa a jikin mutane. Ni kuwa na daina kallon kabad ɗin nan.

Wata Talata da hantsi aka soke wani taro. Dakta ya shigo da fara'arsa, ya ce yau zai gaisa da sandunansa. Ya ciro ɗaya, ya kwance salatif, ya sa bakin karayar a ƙarƙashin madubi. Ina goge injin, na ba shi baya. Ya ciro ta biyu, ya ciro ta uku. Sai da ya duba duka goma sha biyun.

“Maƙeri, zo ka zauna.”

Na zauna.

“A tsaye na ce.”

“A tsaye ka ce, Dakta.”

“To wa ya kwantar da su?”

“Ni ne.”

Na gaya masa zancen wuta da janareta da sakatariya. Bai katse ni ba. Da na gama ya cire tabarau ya murza ido, ya tambaye ni garin da ya rage zai isa sanda nawa. Na ce shida, in an yi tattali. Ya ce a gina su a tsaye, kuma daga yau ofishin shugaban sashe ya dawo nan. Kwana huɗu ya yi a kan benci kusa da injin, yana sa hannu a takardu a kan gwiwarsa. Da aka ɗauke wuta shi da kansa ya ruga ya tayar da janareta. Bai yi mini faɗa ba, bai kuma yi mini hira ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Muka ja su a gabansa. Ta farko ta tsinke tun ba ta kai kashi biyu cikin uku na abin da takarda ta ce ba. Sauran biyar ma haka. Karayar a shafe take kamar an yanka da wuƙa. Dakta ya ce mutum mai nauyi in yana saukowa daga bene da irin wannan gwiwa, wata rana za ta ba shi kunya.

Wani farfesa abokinsa ya zo ya rufe ƙofa, bai ma damu da ina ciki ba. Ya ce masa ya yi haƙuri wata biyu kawai, masu tantancewa su gama, a ba shi kujerarsa ta farfesa, sannan ya aika wa mujalla da ɗan gyara a hankali. Cibiyar kuwa a ce mata injin ya lalace. Ba wanda zai cutu. Gaskiya ni ma haka na so, har na ce in ya zama dole ya rubuta, to ya sa sunana, ai ni na yi. Dakta ya dube ni ya ce, “Sunan wa ke kan takardar? Ni ne ban zo na duba ba.” A ranar ya rubuta wasiƙa uku: ga mujalla ta janye takardar, ga cibiya ta dakata, ga jami'a cewa takardar da ke saman fayil ɗinsa ba ta tsaya ba. Ba sunana a ko ɗaya. Na gani, don ni na kai su.

Bayan sati biyu matarsa ta zo ɗakin gwaji, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta gaishe ni da Baba kamar yadda ta saba, ta tambayi iyali. Sannan ta ce Baban yara ba ya cin abinci, kuma ya ƙi faɗa mata abin da ya faru, ko ni na sani? Na gaya mata duka. Ta daɗe tana kallon kabad ɗin. Ta ce, “Shekara ashirin ina jin haushin ƙarafan nan, ashe ba su ne za su cuce mu ba.” Ta yi sallama ta tafi. Tun daga ranar in mun haɗu tana amsa gaisuwata, iyakarta ke nan, kuma ban ga laifinta ba.

Fayil ya dawo da gajeriyar wasiƙa: takardu ba su cika ba. Aka yi ta maganarsa a ɗakin shan shayi, wasu suka ce gaskiya ce, wasu suka ce wauta, waɗanda suka fi yabonsa kuwa ba su taɓa leƙowa ba. Yayansa ya ci gaba da ce masa Farfesa na ɗan lokaci don taurin kai, sannan ya bari.

Ya sauka daga shugabancin sashe ya dawo benci, da ƙyar ya samo wani garin ƙarfen. Ya gano cewa in an gasa ƙarfen a tanda bayan an gina shi, hawan suna ƙara kama juna, sai dai ba su kai yadda yake so ba tukuna. Ya sa na ƙera ɗan hatimi mai alamar kibiya. Duk sandar da ta fito daga injin, kafin a cire ta daga farantin da aka gina ta a kai sai an buga mata kibiya a gindi, mai nuna inda sama take. Shi yake riƙe hatimin, ni nake buga guduma. Bai taɓa cewa don me ba.

Watan jiya ya yi ritaya, a Dakta. Mahaɗin gwiwar bai kai ga ƙafar kowa ba. Da zai tafi bai ɗauki komai daga kabad ba, ya miƙa mini makulli ya ce akwai sanduna huɗu a tanda, a ja su ranar Litinin, zai zo ya gani. Na ce ai yanzu ba aikinsa ba ne, zan kawo masa lambobin har gida.

Ya ce, “A'a, Maƙeri. Zan zo.”

Ranar Litinin ƙarfe takwas na same shi a bakin ƙofa yana jirana.