Farin Garin Da Inna Ke Dama Wa Baba

Mahaifinmu fataucin goro yake yi a Agege, kuma ba ya sayen huhu sai ya ɗanɗana. Kafin azahar ya ci goron da ya ishi tsofaffin unguwa, ciki kuwa ba komai. Da yamma ƙwannafi ya taso masa, ya zauna dafe da ƙirji yana hararar mu kamar mu muka ɗora masa.

A can Arewa ruwan kanwa ake sha. Inna kuwa haihuwar Legas ce, gani take ta waye. Wata maƙwabciyarmu Bayarabiya mai suyar cincin ta nuna mata bekin soda, garin nan da ake sa wa fulawa ta tashi, fari tas a ɗan gwangwani. Rabin cokali a kofin ruwa, Baba ya shanye, ya yi gyatsar da ake ji har bakin titi, ya yi hamdala. Har abokansa yake gaya wa cewa matarsa ta fi likita.

Da aka gano yana da hawan jini, asibiti suka hana shi gishiri. Inna ta ɗauki abin da zafi. Tukunyarsa daban, ba gishiri ba dunƙule, miya salam. Ko tsire aka kawo sai ta kakkaɓe yajin. Ya ci yana mita, ya gama, ta dama masa sodarsa. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru.

Jinin bai sauka ba. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Ni na raka su asibiti a Ikeja. Ana can ciki ana auna shi, likitar ta tsare mu a baranda tana tambayar abin da yake ci da sha. Inna ta zayyana mata komai da alfahari, ta ƙare da sodar.

"Mama, ai ga mai hawan jini wannan ma gishiri ne," in ji likitar. "Kullum yake sha?"

Inna ta ce, "Kullum."

Muka hau danfo, motar hayar Legas, muka kama hanyar gida. Inna ta ba ni tausayi ƙwarai. Da Baba ya gama cin abinci ya miƙo hannu, ta ce soda ta ƙare. Washegari ma haka, har ya gaji da tambaya. A hankali kumburin ya sace.

Ba ta taɓa gaya masa dalili ba, ni ma ta ja mini kunne. Ya rayu shekaru bayan nan yana ce mana, "Innarku ta canza, tsufa ya sa mata rowa." Tana jin sa, tana wanke kwanoninta.