Mama Albertine, Mai Tausar 'Yan Ƙwallon Hannu a Garoua

Da ƙarfe shida na safe, kafin masu mashin su cika titin Yelwa, Mama Albertine ta riga ta fito daga majami'a da jakar bandeji a kafaɗa. Ba gida take komawa ba. Filin ƙwallon hannu take nufa, ta tsince tsakuwa da fasassun kwalabe, ta cika randa da ruwa, sannan ta zauna jiran 'yan mata. Shekara ashirin da shida ke nan tana aikin tausa da ɗaurin targaɗe a ƙungiyar 'yan matan unguwarmu a Garoua. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aikin, domin gwiwoyinta sun gaji. Ni da nake zaune a teburin rubuta maki tun zuwanta, na ga bai kamata ta tafi shiru ba.

Kafin kowane wasa, 'yan wasa Kirista kan kewaye ta su riƙe hannun juna. Ban taɓa jin ta roƙi nasara ba. Sunayensu take kira ɗaya bayan ɗaya, ta roƙi Ubangiji ya tsare ƙashi da jijiya, ta haɗa har da abokan karawa. Wata rana wata yarinya ta ce, "Mama, ki roƙa mana kofi mana."

Ta ce, "Su ma waɗancan iyayensu sun durƙusa da safen nan. Ki je ki yi gudu."

Fauziya mai tsaron raga Musulma ce, takan tsaya gefe ta yi tata addu'ar. Mama ba ta cewa amin sai ta ga Fauziya ta shafa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne shekarun baya a garin Yagoua, a wasan ƙarshe na cin kofin arewa, wanda ba mu taɓa kaiwa ba sai a shekarar. Saura minti takwas, maki kunnen doki, sai kyaftin ɗinmu Christelle ta yi tsalle, aka bangaje ta, kanta ya bugi siminti. Ta miƙe tana dariya. Mama ta kama fuskarta da hannu biyu ta ce, "'Yata, a wane gari muke?"

Christelle ta ce, "Maroua."

Hubert mai horarwa ya iso a guje. "Mama, ki ɗora mata hannu ki yi addu'a ta koma. Ba ke kike cewa Allah na kiyayewa ba?"

Ta ce, "Yana kiyayewa, shi ya sa ya ba ni ido. Ba zan kira sunan Yesu in rufe abin da na gani ba. Yarinyar nan ba za ta shiga ba."

Christelle ta fashe da kuka tana fizgewa. Magoya bayanmu da suka yi tafiyar yini guda suka dinga ihu, wani har ya jefo gorar ruwa. Mama ta zaunar da ita a benci, ta rungume ta ta baya, ba ta sake ta ba har aka hura usur. An ci mu da ƙwallo biyu.

A cikin motar komawa gida babu wanda ya yi wa Mama magana. Ita ta sa direba ya biya asibiti, kuma kafin mu isa Christelle ta fara amai. Kwana tara ta yi a kwance. Likita ya ce jini ya taru a kanta, da ta sake buguwa da wuya ta tashi. A rana ta uku Hubert ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu, ya fara neman gafara. Mama ta miƙa masa mafici ta ce, "Zauna ka yi mata fifita, hannuna ya gaji."

Yau Christelle na da 'ya'ya biyu, ita ke horar da ƙananan yara ranar Laraba.

Mama Albertine, ke ce kika yarda fili guda ya tsane ki don 'yar wani ta koma gida da ranta. Ke ce kika koya wa 'ya'yanmu cewa ba a yin addu'a don a rufe gaskiya. Sunanki ba ya jikin kofi ko ɗaya, amma akwai mata a Garoua da ke tafiya da ƙafafunsu lafiya saboda hannunki. Uwar 'yan wasa, useko, wato mun gode. Ubangiji ya ba gwiwoyinki sauƙi.

Ku masu horarwa da masu tausa da ke tasowa, ranar tana zuwa da za a ce muku ku kau da kai, minti takwas ne kawai. A ranar ku tambayi yarinyar a wane gari take, ku saurari amsarta, ko da duk filin yana muku ihu.